Ranar da iskar Levante ta tashi: shaidar mai koyar da wasan lemar iska a Tarifa

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata koyar da wasan sululu a kan teku da lemar iska, wanda ake kira kaitsaf, a gaɓar Tarifa da ke ƙarshen kudancin Sifaniya, inda in gari ya yi garau kana hango duwatsun Maroko a tsallaken ruwa, nisan kilomita 14 kacal. Shaidata a kan rigima ɗaya ce da ba ta ƙarewa a wannan gaɓa: in iska ta yi ƙarfi, a sa ɗalibi a ruwa ko a ce ya koma masauki. Mai makaranta yana da amsarsa, malami yana da tasa, baƙon da ya biya kuɗin jirgi da na otal don 'yan kwanaki shi ma yana da tasa. Kusan dukansu a kan lamba ɗaya suke musu, wato not nawa iskar take yi (not shi ne ma'aunin gudun iska a teku). Abin da idona ya gani kuwa, ba wannan lambar ce kaɗai ke kai mutum asibiti ba, sau da yawa ma ba ita ce kan gaba ba.

Ga wanda bai taɓa ganin kayan ba, lemar ta yadi ce mai santsi da ƙarfi, gabanta tiyub ne da ake hura wa iska da famfo har ya yi tauri, wajen 6 zuwa 8 a psi, ma'aunin matsin iska. Shi ke ba ta siffa, shi ke hana ta nutsewa in ta faɗi a ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka fito da wannan tsari a shekarun 1980. Da murabba'in mita ake faɗin girmanta: mai 12, mai 9, mai 7, mai 5. Igiyoyi huɗu sirara, tsawon mita 20 zuwa 24, ke haɗa ta da sandar tuƙi. Biyun gaba su ke ɗauke da nauyin ja. Suna haɗuwa su bi ta ramin tsakiyar sanda su ƙare a wani zobe da ake maƙalawa a ƙugiyar ɗamarar da mutum ya ɗaura a ƙugu. Biyun baya suna ɗaure a bakin sanda dama da hagu, da su ake juya lema. Ka jawo sanda zuwa jikinka, lema ta cika da iska ta ƙara ja. Ka tura ta gaba, ta zubar da iskar. Allon da ake tsayawa a kai ba ya shiga lissafi a kwanakin farko, sai hannu ya san lema.

Iska biyu ke mulkin Tarifa. Poniente daga yamma take zuwa, daga tekun Atlantika, mai sanyi ce, ba ta cika canza hali ba, kuma tana tura mutum a karkace zuwa gaɓa. Ranar Poniente ba a rigima. Levante daga gabas take, tana matsowa ta mashigin Jibralta tsakanin duwatsun Sifaniya da na Maroko, ta ƙara gudu a cikin matsin, sannan ta haura tuddan da ke bayan gari kafin ta sauko kan rairayi. Wannan hawa da sauka shi ke kakkarya ta. Tana iya kwana da kwanaki tana kaɗawa dare da rana, ta wuce not 30, wani lokaci ta haura 40. A gaɓar Los Lances daga tudu take fita zuwa teku, wato duk wanda ya kasa dawowa da kansa tsakiyar ruwa za ta nufa da shi. A Valdevaqueros da ɗan sauƙi, domin gaɓar ta lanƙwasa, tudun yashin Punta Paloma yana can ƙasa yana tare wanda iska ta tafi da shi. Shi ya sa ranar Levante kowa can yake tururuwa, cunkoson kuma ya zama wata matsalar.

Not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Amma abin da ɗalibai ba sa yarda da shi sai sun ji a jikinsu shi ne, jan lema ba ya ƙaruwa daidai da gudun iska. In gudu ya ninka biyu, ja ninki huɗu yake yi. Daga not 20 zuwa 28, wanda a ido ba wani tazara ba ne, ja ya riga ya kusa ninka biyu. To a ɗauki ranar Levante da aka ce matsakaicin iska not 26 ne. Wannan 26 ɗin babu ita a zahiri. Abin da ke akwai shi ne iska ta lafa zuwa 18, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta bugo da 35. Tsakanin lafawar da bugun, jan da ke ƙugun ɗalibi ya kusa ninka huɗu, ba tare da ya taɓa komai ba.

Akwai lissafin da muke yi a ka don zaɓen lema: nauyin mutum a kilo, a raba da gudun iska a not, a ninka da 2.2. Mai kilo 75 a not 15 lema mai 11 ce tasa, a not 30 mai 5 ko 6. A saka lambobin ranar can a ciki. Lafawa tana neman mai 9, bugu yana neman wadda ba ta kai 5 ba. Babu lema ɗaya da za ta yi wa ranar daidai. In ka ba shi mai 9, bugu ya ɗaga shi. In ka ba shi mai 5, mutane suna ganin an yi taka-tsantsan, alhali wani haɗarin aka buɗe. Mu kan kwatanta sararin da lema ke yawo da agogo: ka juya wa iska baya, ƙarfe 12 bisa kanka, 9 hagu, 3 dama. A wannan gefen lema ba ta da ja sosai. Ƙarfin yana can gabanka ƙasa-ƙasa, a tsakiya. Lokacin da iska ta lafa, ƙaramar lema ba ta iya riƙe kanta a gefe, sai igiyoyi su yi sako-sako, ta zame da baya ta faɗa cikin tsakiyar nan. Bugu na zuwa ya same ta a wurin da ya fi ko'ina ƙarfi, igiyoyi su miƙe gaba ɗaya, a fizge mutum ta fuska. Gwani yana ganin duhun bugu a kan ruwa tun kafin ya iso, yana motsa lema don kada ta tsaya. Ɗalibin kwana biyu kansa a sama yake, bai ma san akwai abin dubawa a ruwa ba.

Saboda haka in an tambaye ni not nawa ne iyaka, lamba biyu nake nema. Na'urar auna iska ake ɗauka a tsaya a bakin ruwa, ba bayan tudu ko gefen rumfar makaranta ba, a riƙe shi mintuna, a rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma. A kuma tuna cewa hannun mutum mita biyu yake daga ƙasa, lema kuwa tana mita 20 a sama inda iska ta fi gudu. A ganina in tazarar ta wuce not 10, sabon ɗalibi ba ya ɗaga lema ko da matsakaicin ya yi kyau. In bugu ya wuce 25, wanda ke kwanakinsa na farko ba ya shiga. Wannan hukuncina ne, ba dokar ƙasa ba. Shafukan hasashen iska irin su Windguru suna nuna layi biyu, na matsakaici da na bugu. Na sha ganin an juya wa baƙo waya an nuna masa layin sama kawai.

Ɗaya ɓangaren ma suna da hujja, kuma ba zan ce duka son kuɗi ne ba. Cewa suke yi, wanda zai jira not 18 a Tarifa rufe shago zai yi, kuma da lema mai 3 ko 4 da gajerun igiyoyi na mita 10 ko 12 ana koyarwa lafiya a not 27. Akwai gaskiya a ciki. Gajeriyar igiya tana rage filin da lema za ta ɗauki gudu, don haka ko ɗalibi ya yi kuskure ba ta tara ƙarfi kamar mai mita 24. In iskar tsayayya ce, tana tura mutum gaɓa, ruwan bai wuce ƙugu ba, fili kuma a buɗe yake, ni ma na yarda da su. Sai dai Levante a Los Lances ba ta cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba. Ƙaramar lema kuma sauri gare ta. Ɗan karkata sanda da babbar lema za ta yafe, ita kafin ƙiftawar ido ta tsallaka daga ƙarfe 11 zuwa ruwa. Gajerun igiyoyi suna riƙe ta ƙasa, cikin iskar da tudu da gine-gine suka riga suka dagula. Ga yashi yana dukan ƙafa, ga feshin ruwa a ido, murya ba ta kai mita biyar, rediyon da ke cikin hular kwano sai ƙara. Ko an fito lafiya, abin da ɗalibi ya koya a wannan awa bai wuce ƙanƙame sanda ba, wanda shi ne ɗabi'ar da muke ɓata kwanaki muna cire masa.

Matakan tsira uku ne, kuma jerinsu ba ya canzawa. Na farko saki sanda gaba ɗaya. Ta zame sama, lema ta zubar da mafi yawan ƙarfinta. In bai isa ba, a tura makullin saki da ke saman zoben ɗamara, ja ne launinsa a yawancin kaya. Zoben ya buɗe, lema ta rataya a igiyar gaba guda ɗaya ta faɗi ba ƙarfi, tana haɗe da mutum ta igiyar tsaro kawai. In har yanzu tana jan sa, a tura makulli na biyu da ke kan igiyar tsaron, a rabu da lema kwata-kwata. Waɗannan abubuwa ba haka kawai aka same su ba. A shekarun farko mutane a ɗaure suke da lemar da ba ta zubar da iska. Mutuwar Silke Gorldt, 'yar wasan Jamus, a wata gasa a Zingst a 2002, bayan lemarta ta sarƙe da ta wani, tana cikin abin da ya tilasta wa masu ƙera kaya gyara makullan saki. Wajen 2005 aka fito da lemomin da ke zubar da iska sosai in an saki sanda. A 2020 aka samu ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 21853 da ta tsara yadda makullin zai yi aiki, kuma yanzu kusan duka turawa ake yi nesa da jiki, ba jawowa ba.

Kayan sun gyaru. Inda ake faɗuwa yanzu a hannu ne da kulawa. Mutum in ya tsorata riƙewa yake yi, ba saki ba, kuma a wannan wasa riƙe sanda ƙara wuta ne. Wanda ake ja a kan rairayi da gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 kowace daƙiƙa. In shinge yana mita 50, daƙiƙa shida gare shi, rabinsu kuma sun tafi kafin ya gane abin da ke faruwa. Babu lokacin tunani. Don haka kafin lema ta tashi, ana ɗaure igiyar a jikin turke ko malami ya riƙe ya ja da nauyinsa, ɗalibi ya tura makulli yana jin ja, da dama, da hagu, ido a rufe, yana kwance rubda ciki, har hannu ya riƙa zuwa wurin da kansa. Nuna masa sau ɗaya a tsaye a ce ka gani ko, ba koyarwa ba ce. Makullin kansa yashi da gishiri suna cika shi ya ƙi buɗewa, dole a buɗe shi a rufe kafin kowane darasi, a wanke da ruwan daɗi da yamma. Igiyar tsaro a gaban ɗamara ake maƙala ta inda hannu zai kai. Wanda aka maƙala wa a baya, in lema ta ja shi da baya cikin ruwa, ba zai taɓa kai wa makulli ba. Ana kuma duba cewa a zoben igiyar da ke kwantar da lema aka sa ta, domin akwai wata hanyar maƙalawa ta gwanaye da ke hana lema mutuwa ko an tura makullin farko. Wuƙar yanke igiya tana aljihun ɗamara, hular kwano da rigar da ke riƙe mutum a saman ruwa ba zaɓi ba ne. Igiyar ɗaure allo a ƙafa kuwa, duk makarantar da ke amfani da ita a guje ta: tana miƙewa ta harbo allon zuwa kan mai shi.

Abin da na fi tsoro a iska mai ƙarfi shi ne lema mai juyi ba tsayawa. Yana faruwa ne in igiyar baya ɗaya ta naɗe a bakin sanda ko ta maƙale a ƙugiyar ɗamara, ko ƙananan igiyoyin jikin lema suka rataye a kunnenta bayan ta faɗi. Gefe ɗaya ya gajarta, lema ta shiga zagaye, kowane zagaye yana ratsa tsakiyar ƙarfi ya fizgi mutum, ya nutsar da shi, ya sake fizga. Sakin sanda ba ya maganin wannan. Wani lokaci makullin farko ma ba ya yi, tunda igiyar da ta naɗe tana riƙe da sandar. Gwani yana iya kama igiyar bayan da ta yi sako-sako ya ja har lema ta faɗi. Ɗalibi kam mataki na uku ne nasa, da wuri, in ya ƙi sai wuƙa. Yawancin wannan daga sako-sakon igiya yake farawa, sako-sakon kuma daga lafawar iska. Mun dawo kan tazarar nan.

Munanan raunukan da na gani, mafi yawansu a tudu aka ji su, lokacin ɗaga lema ko sauke ta. Ruwa yana yafiya, turke da mota da dutse ba sa yi. Ana tsefe igiyoyi ɗaya bayan ɗaya daga sanda zuwa lema, a tabbata gefen sanda mai launin ja yana hagu, babu wadda ta hau kan wata, babu ƙulli. Ƙulli ɗaya a tsakiyar igiya yana rage ƙarfinta sosai, nan take tsinkewa. Mai taimako ya riƙe lema ta tsakiyar tiyub a gefen agogo, ta ɓangaren ruwa, ba ya saki sai matuƙi ya ɗaga babban yatsa. Dafa kai da tafin hannu alama ce ta neman a taimaka a sauke. Wanda bai san waɗannan alamu ba, ko da mijin ɗaliba ne ko abokin tafiya, ba a ba shi lema ya riƙe. Ƙasa da ɗalibi, inda iska ta dosa, a bar fili aƙalla ninki biyu na tsawon igiya babu mutum babu abu, ranar iska mai ƙarfi a ƙara. Gini ko tudu yana dagula iskar da ke bayansa har nisan ninki bakwai na tsayinsa. Sai kuskuren da ya fi yawa: tsayawa a kan rairayi da lema a ƙarfe 12 ana hira ko ana jiran layi. A ruwa wurin hutu ne. A tudu ranar Levante, bugu yana ɗaga mutum sama tsaye, ya ajiye shi inda ya ga dama, ga titin N-340 da wuraren ajiye motoci a bayan gaɓa. Lema ƙasa-ƙasa ta ɓangaren teku, a shiga ruwa nan da nan, in ba za a shiga ba a sauke, a kifa ta, a danne da yashi mai yawa.

Maganar jirgin ceto ita ma ana yin ta sama-sama. A Los Lances ranar Levante akwai ƙananan jiragen 'yan kasuwa da ke kwaso waɗanda iska ta yi waje da su, ana sayen katinsu tun kafin a shiga. Makaranta za ta ce muna da jirgi. Tambayar ita ce, nata ne da ke bin ɗalibanta, ko na kowa da kowa ne da ke lura da lemomi barkatai? Ƙarfe nawa yake tashi daga aiki? Malamin da ke tsaye a kan rairayi, ɗalibinsa yana mita 200 a iskar da ke fita teku, kallo kawai yake yi. Ko dai a koyar daga cikin jirgi, ko a ɗauki ɗalibai a mota zuwa Palmones a kusa da Algeciras, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, inda Levante ke shigowa daga ruwa zuwa tudu kuma ta fi laushi. Mai da lokaci ake ƙyashi. Dabarar ceton kai da muke koyarwa, wato naɗe igiyoyi a kan sanda, a fara da igiyar tsaro, a isa ga lema a kama kunnuwanta ta zama filafilan da za ta kai ka gaɓa, tana aiki ne in iska na da hanyar kai ka tudu. In waje take yi, ba inda za ta kai ka sai hanyar manyan jiragen da ke ratsa mashigin. A nan abin yi shi ne a zauna tare da lema, kada a sace mata iska, domin ita ke riƙe mutum a sama kuma ita ake hangowa daga nesa. Allo in ya tafi ya tafi. Wanda ke gaɓa ya kira 112, lambar agajin gaggawa.

Duk malamin da ya yi shekara a nan ya san abin da na lissafa. Dalilin da ya sa ake shiga duk da haka yana cikin yadda ake biyan kuɗi. Yawancin malamai da awa ake biyansu, awar da aka koyar; an soke darasi, ba ko sisi, kuma kakar aiki 'yan watanni ce. Makaranta ta riga ta karɓi kuɗin kwana uku ko biyar tun baƙo bai taso ba, ba ta son mayarwa. Baƙon kuma jirginsa jibi ne. Sai ya nuna teku ya ce, Malam, ga wasu can a ciki, mu me ya hana mu? Waɗanda yake nunawa shekaru suka yi suna yi. Mai makaranta ya ja malami gefe ya ce, haba, sauke masa mai 5 ku gwada awa ɗaya mana. Mutum uku ke nan, kowannensu asara zai yi in an ce a'a, kuma wanda aka ɗora wa faɗin a'ar shi ne mafi rauni a cikinsu, wanda gobe ana iya ba wani ɗalibansa. Da haka ake rufe tsakanin lafawa da bugu da kalmar matsakaici.

Takardar shaida ma ba ta warware wannan. Ƙungiyar kaitsaf ta ƙasa da ƙasa, IKO, da aka kafa a 2001 mai hedikwata a Cabarete ta Jamhuriyar Dominika, da VDWS ta Jamus, suna horar da malamai kuma tsarinsu yana da kyau. IKO ba ta yarda malami ɗaya ya wuce ɗalibai huɗu da lema biyu a sama ba. Amma ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, babu jami'insu a bakin ruwa yana ƙirga kawuna. Lema biyu ga malami ɗaya a not 15 abu ne mai yiwuwa. A not 28 ido ɗaya ba ya bin biyu, ƙafa ɗaya ba ta zuwa wuri biyu. Hukumar garin Tarifa tana ba makarantu lasisi, da bazara kuma ana raba gaɓa tsakanin masu iyo da masu lema, an hana shiga tafkin Los Lances saboda wurin kiyaye tsuntsaye ne. Masu lasisi suna kukan masu koyarwa daga bayan mota ba lasisi ba inshora, suna karya farashi. Kukan gaskiya ne, sai dai na ga mai lasisin ma yana tura ɗalibi cikin iskar da bai kamata ba. Akwai kuma sa hannu a katin ɗalibi cewa ya kai matakin da bai kai ba, don ya tafi da farin ciki. Da wannan katin zai je wata ƙasa ya yi hayar kaya, a ba shi a kan amana, alhali bai taɓa tura makulli lema na jansa ba.

Bayan haɗari musu kan koma kan takardar da ɗalibi ya sa wa hannu cewa ya san wasan na da haɗari. Makaranta ta ɗaga ta, ɗalibi ya ce ai ni ban san iska ba, don haka na biya wanda ya sani. Sai a shiga jayayya a kan not nawa aka yi a lokacin, kowa ya buɗe wayarsa ya kawo lambar da ta yi masa daɗi, daga na'urar da ke wani wuri daban da inda abin ya faru. Makarantun da na ga sun kuɓuta daga wannan su ne masu littafi: kafin kowane darasi a rubuta lokaci, wuri, mafi ƙanƙanta da mafi girman iska, inda ta fito, girman lema, tsawon igiya, nauyin ɗalibi da matakinsa. Rubutawar kanta tana hana wasu darussan, domin da wuya malami ya rubuta 18 zuwa 35 da hannunsa sannan ya ɗaga lema.

Wanda zai biya kuɗin koyo, ya nemi a rubuta masa abu huɗu kafin ya biya: iyakar bugun da makaranta ba ta koyarwa a samansa, wa ke da ikon sokewa a bakin ruwa, ko kuɗi ake mayarwa ko takardar dawowa wata shekara, da kuma ko ana canza gaɓa in Levante ta tashi. Ya nemi ganin inshora. Masu makarantu kuma, in ana biyan malami ko rabin awarsa ranar da ya soke saboda iska, rabin rigimar ta mutu. Ranar ma ba lallai ta tafi a banza ba. Ana haɗa igiyoyi a warware a wurin da tudu ya kare iska, a gwada makullan saki da ja, a auna igiyoyi huɗu a turke a ga ko tsawonsu ɗaya, domin na gaba da na baya ba sa tsufa daidai kuma bambancin 'yan santimita yana sa lema zamewa da baya. Ana koyon naɗe igiya na ceton kai a kan yashi, da dokokin hanya: mai shiga daga gaɓa a ba shi wuri, in an yi gaba da gaba mai hannun dama a gaba shi ke da hanya, wanda ke sama da iska ya ɗaga lemarsa, na ƙasa ya sauke tasa. Awa biyu ke nan cikakku, kuma sai a caje su a farashin darasin tudu, ba na ruwa ba.